Sawun da Jan Ƙarfe Bai Taka Ba

Mai shara ce ta fara ganinsa. Ta zo da safe da tsintsiyarta, ta tarar da ƙofar shagon Mai Ruwa a sakaye, ƙudaje na shiga suna fita. Ta tura da ƙafa, ta saki ihun da ya tara duk layin masu gyaran kwamfuta.

Yana kwance tsakanin tebur da bango. An fasa masa kai, an karya masa muƙamuƙi, hannunsa na dama kuwa an daddatse shi da guduma, yatsun sun lanƙwashe kamar busasshen karan da mota ta taka. Shuɗin ruwan da yake zuba wa kwamfutoci ya kife a ƙasa ya gauraya da jini. Bai mutu ba, amma bai san wanda ke kansa ba.

Mai Ruwa ake ce masa saboda sana'arsa. Akwai wani kati mai tsada a cikin manyan kwamfutoci, shi ke fitar da hoto, kuma zafi yake yi kamar murhu. Mai Ruwa yakan cire masa fanka, ya ɗaura masa farantin jan ƙarfe mai nauyi wanda ruwa ke bi ta cikinsa. Duk layin babu wanda ya kai shi a wannan aiki, shi ya sa ma bakuna suka yi saurin buɗewa.

Kafin a ɗauke shi daga ƙasa an riga an yanke masa hukunci. Wai wani Mai Fim ya kawo masa sabon kati, ya ɗaura faranti, aka kai gida, katin ya ƙone ana tsakiyar aiki. Mai Fim ya dawo da shi yana kumfar baki, ya rantse a gaban kowa sai ya karya hannun da ya taɓa masa kaya. Da aka duba katin da aka samu a buɗe a kan tebur, ashe ba ma sabon ba ne, wani tsoho ne da ya sha wuya.

"Musanya ya yi," in ji su. "Ɓarawo ne. Abin da ya shuka ya girba."

'Yan sanda suka zo suka leƙa, suka kama Mai Fim, suka sake shi, don a ranar yana wani gari yana ɗaukar hoto a gaban jama'a. Shi ke nan, wai an gama bincike.

*

Inna, uwar Mai Ruwa, ba ta yi boko ba, ba ta san kan kwamfuta daga gindinta ba. Amma ta san ɗan da ta haifa. Ta tsaya a kansa a asibiti, an ɗinke masa baki da waya, an naɗe hannun kamar ƙunshin kaya. Ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Surukinta ne ke kukan, mijin 'yarta, wanda suke zaman shago ɗaya da Mai Ruwa. 'Yan layi na ce masa Shiru-Shiru, don ko gaisuwa ƙasa-ƙasa yake yi.

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, ki bar wa Allah. Ciyaman ya ce za a yi taro a cire sunan Yaya daga ƙungiyar masu gyara, amma na roƙa a bar min makullin shagon, in riƙa nema mana abin sawa a baki."

"A cire sunansa a matsayin me?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɓarawo, Inna."

"Ɓarawo a gidan uban wa? Yaron da in ya tsinci allura sai ya bi gida-gida yana cigiya?"

"Ki yi haƙuri, Allah zai saka."

"Allah ya riga ya ba ni ƙafa biyu da ido biyu. Tashi ka ba ni hanya."

*

Ta sami Mai Fim a ɗakin aikinsa, ƙato mai gemu, yana zaune gaban allon da ba ya nuna komai. Ko sallama ba ta yi ba, ta cakumi wuyan rigarsa.

"Kai ne ka ce za ka karya hannun ɗana?"

"Mama, sake ni! Na faɗa, ban musa ba. Wa bai taɓa faɗin magana cikin fushi ba?"

"To wa ka aika?"

"Da zan aika, ai katina zan aika a karɓo min, ba hannu ba. Me zan yi da hannu?" Ya fizge rigarsa, maɓalli ya tsinke. "Sabo fil na kai masa. Ya ɗaura faranti a gabana, ya ce in bar shi ya kwana biyu a shago ruwan na zagayawa, a ga ko yana yoyo. In an rufe kati da farantin nan babu mai ganin fuskarsa. Na ɗauko na kawo gida ina ta murna, ashe gawa na goyo."

"Da ka mayar masa me ya ce?"

"Ina zaginsa yana kallon katin. Ya ce in ba shi zuwa gobe, zai buɗe ya gani."

"Ɓarawo ne ke neman buɗe abin da ya rufe da hannunsa?"

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ya tura mata da ƙafa. Katin da aka samu a shagon na ciki, 'yan sanda sun mayar masa, da farantin a gefensa. "Ɗauki. Ganinsa ma ciwon kai yake sa ni."

*

A bakin layin akwai wata mata mai kantin kayan gyara, a wajenta kowa ke sayen noti da waya da man da ake shafa wa kati. Inna ta dire mata kwalin a kan teburin kantin.

"'Yar nan, ni jahila ce. Yi min bayani kamar kina yi wa akuya."

Mai Kanti ta yi dariya, ta ga fuskar Inna, ta haɗiye sauran. Ta sa tabarau ta ɗaga katin.

"Kin ga wannan mai sheƙi a tsakiya? Ita ce zuciyar katin. Dole jan ƙarfen ya zauna daram a kanta, sai ɗan mai kawai a tsakaninsu. Waɗannan ƙananan baƙaƙen da suka kewaye ta kuma sun fi ta gajarta, faranti ba ya kai musu. Sai a sa musu wannan 'yar katifar mai laushi, fad muke ce mata, ta cike gibin."

"To sai me?"

"Kaurinta shi ne duk rigimar. In ta yi siriri, ƙananan su gasu. In ta yi kauri, faranti ya hau kanta ya zauna, ya bar zuciyar a sarari. Ɗanki ba ya cinta. Lakar wasan yara yake mulmulawa ƙanana, ya ɗora a kan kowanne, ya ɗaure faranti, ya kwance, sannan ya auna yadda lakar ta baje. Nan milimita ɗaya, can ɗaya da rabi. Har tsokanarsa nake yi, in ce gyara kake ko wasan ƙasa?"

Ta sa farce ta ɗaga gefen katifar. Sai ta rabu biyu.

"Kai! Ninkawa aka yi. Guda biyu aka ɗora, ɗaya kan ɗaya. Wanda ya yi wannan yana ganin mai kauri ta fi sanyaya. Wallahi, Inna, ko da bindiga a kansa ɗanki ba zai ninka fad ba."

"Za ki faɗi haka a taro?"

"Zan faɗa. Amma za su ce sauri yake yi, ɓarawo ai ba ya tsayawa awo."

Inna ta karɓi katin ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Idonta ba ya ganin rubutu, amma yana ganin abu. A kan zuciyar nan mai sheƙi akwai wani abu toka-toka, ya bushe ya tsattsage, a murɗe daga tsakiya zuwa waje kamar naɗin gammo.

"Wannan zanen fa?"

"Man ne. Da farantin ya taɓa, da ya danne shi ya baje, ba za ki ga komai ba. Katifar ta hana, zafi kuma ya gasa shi yadda aka matsa shi."

"Kowa haka yake matsawa?"

"Ina! Kowa da hannunsa. Ni dai sayarwa nake yi, ba na zama a kansu." Ta rage murya. "Amma in ni ce ke, Injiniya zan fara tambaya. Sun yi kaca-kaca da ɗanki kan kwastoma, har ya ce layin nan ya yi musu kaɗan su biyu."

Inna ta rufe kwalin a hankali, kamar mai rufe kwanon ƙwai. Mutum ya taka ɗanyen siminti ya wuce, siminti ya bushe da ƙafarsa. Saura a nemo mai ƙafar.

*

Injiniya gajere ne mai faɗin rai, takardun shaidarsa jere a bango. Inna ta ja benci ta zauna a ƙofar shagonsa ba tare da an ce ta zauna ba.

"Tsohuwa, nan ba asibiti ba ne."

"Na sani. Kai ka ce layin ya yi muku kaɗan?"

"Na ce. Ko yanzu zan maimaita. Ɗanki ya raina mutane da lakarsa da ma'auninsa."

"Shi ya sa ka ɗauki guduma?"

Ya taso ya tura bencin da ƙafa don ta tashi. Bencin ya kife, Inna ta faɗi, goshinta ya bugi bakin ƙofa, jini ya gangaro mata kan gira. Mutane suka taru. Ta miƙe, ta ɗauki bencin da hannu biyu ta maka wa gilashin da yake jera kaya. Ya tarwatse har titi.

"Yanzu mun yi daidai," in ji ta. Ta gyara bencin ta sake zama. "Ci gaba da aikinka. Kallo na zo yi."

Ya zage ta, ya zagi mai shara da ke dariya, amma kwastoma na jira, dole ya koma tebur. Inna ta zuba wa hannunsa ido. Da ya zo matsa mai, layi biyu ya ja, ɗaya ya gicciye ɗaya.

Ba shi ba ne. Ta ji haushin hakan har cikin haƙoranta, don ta so ya zama shi.

Haka ta bi layin shago-shago da bencinta da jinin da ya bushe a goshi. Aka ce baƙin ciki ya taɓa ta, aka daina korarta. Wani ɗigo ɗaya yake sawa a tsakiya, wani ɗigo-ɗigo kamar kashin kaza, wani ya shafe da yatsa a cikin leda. Babu mai naɗa gammo.

*

Rana ta yi sanyi ƙafafunta suka gaji. Ta nufi shagon ɗanta don ta huta, ta tarar da shi a buɗe. An wanke jinin, an fesa turare. Shiru-Shiru na zaune a kujerar Mai Ruwa da kwamfutar wani a gabansa.

Ya zabura ya durƙusa. "Inna! Wa ya yi miki haka a goshi? Zauna, zauna, bari in kawo ruwa."

Ya kawo mata ruwa mai sanyi, ya juya mata fanka, ya koma aikinsa yana magana a hankali. Wai ya je asibiti da rana, wai likita ya ce a ci gaba da addu'a, wai yaran suna ta tambayar kakarsu. Bakinsa na zuba zuma, hannunsa na aikinsa shi kaɗai. Ya ɗauki sirinjin mai, ya dasa bakinsa a tsakiya, ya fara murɗawa. Zagaye ɗaya, wani a bayansa, wani a bayan wancan.

Inna ta ƙura wa hannun ido. Wannan hannun ne ya karɓi 'yarta. Wannan hannun ne take zuba wa abinci a kwanon da ya fi kowanne kyau. Gudumar na rataye a bango, an goge ta tana ƙyalli, hannunta zai kai in ta miƙa.

Ya ɗora fanka a kan man, ya danne, zanen ya ɓace.

"Inna, lafiya? Kin yi shiru."

A rayuwarta ba ta taɓa haɗiye magana ba sai ranar. Ta ajiye kofin. "Gajiya ce. Yaushe ne taron nan naku?"

*

A farfajiyar bayan shaguna aka yi taron, ƙarƙashin rumfar kwano. Ciyaman na zaune a bayan tebur da makullin shagon a gabansa. Injiniya na gefe yana hararar kowa, Mai Fim ya zo jin inda katinsa ya shiga, Mai Kanti ta rufe kantinta ta zo. Shiru-Shiru na can baya, kai a sunkuye.

Ciyaman ya fara, "Abin da ya faru abin kunya ne ga layin nan..."

Inna ta dire kwalin a kan tebur har makullin ya yi tsalle.

"Mama, mata ba 'yan ƙungiya ba..."

"Rufe min baki, na haifi wanda ya girme ka. Kun kira ɗana ɓarawo yana kwance ba ya iya ko tofar da yawu. Yau sai kun kalli abin da kuka ƙi kallo. 'Yar nan, gaya musu."

Mai Kanti ta ɗaga katin, ta raba katifar biyu a gabansu, ta faɗi abin da ta sani. Wani ya ce daga baya, "Ai in mutum na sauri..."

"Na san za a sami jakin da zai faɗi haka," in ji Inna. Ta karɓi katin ta miƙa wa Injiniya. "Kai, maƙiyin ɗana. Kai nake so ka duba, don kar a ce na saye ka. Ɗana yaya yake sa mai?"

Injiniya ya karɓa yana yatsina. "Shafewa yake yi. Da tsohon katin waya, lafiya lau kamar fenti."

"To duba tsakiyar nan. Hannun wa ka gani?"

Ya duba. Yatsinar ta bar fuskarsa. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba. Katin ya bi hannu-hannu, duk wanda ya kalla sai ya juya baya. Sun sha tsokanar mutumin kan wannan murɗin, suna ce masa ko gammo yake naɗa wa kwamfuta ta ɗauki tulu.

"Duk layin nan," in ji Injiniya, "mutum ɗaya ke wannan shirmen."

Shiru-Shiru ya miƙe. "Taya shi na yi! Shi ya ce in ɗaura masa, ni ban san..."

"Ƙarya kake!" Mai Fim ya daka tsawa. "A gabana ya ɗaura da hannunsa, kana waje kana shan iska. Yaushe ka sake buɗewa?"

Sai Shiru-Shiru ya ruga. Bai kai bakin farfajiya ba Mai Fim ya shaƙo shi ta baya ya buga da ƙasa. Aka rufe shi da duka. Waɗanda jiya suke cewa Mai Ruwa ya girbi abin da ya shuka, su ne a gaba da takalmi da wayar wuta. Hancinsa ya fashe, haƙori ya faɗi a kan siminti.

"Ina katina?"

"Yana gida! Yana cikin silin! Wayyo, ku bari!" Yana tofar da jini yana kuka. "Da na kwance, fad ɗin ya yage, na sa wani. Ban san zai ƙone ba, wallahi ban sani ba! Da Yaya ya buɗe ya gani, ya ce sai ya gaya wa Inna, sai ya gaya wa matata. Na roƙe shi, na durƙusa masa, ya ƙi..."

"Sai ka ɗauki guduma," in ji Inna.

Aka buɗa mata hanya. Suka jawo shi gaban tebur, ya kama gefen teburin da hannu yana neman miƙewa.

"Kan da ka fasa na ji, tsoro ne," ta ce. "Bakin na ji, don kar ya yi magana. Hannun fa? Me hannun ya yi maka?"

"Don a ce Mai Fim ne..." Ya ɗago ido. "Inna, ki dubi jikokinki."

Farantin jan ƙarfen na cikin kwali. Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta ɗaga sama da kanta, ta sauke a kan yatsun da ke riƙe da teburin. Ƙarar ta yi kamar an fasa kwakwa. Ihun da ya yi, babu wanda ya taɓa zaton yana da murya irin wannan.

Ta ajiye farantin, ta ɗauki makullin shagon ta ƙulle a bakin zanenta. Ta dubi Ciyaman.

"Sunan ɗana fa?"

"Yana nan, Mama. Babu mai taɓa shi."

"Bai isa ba. Ku duka, har kai, za ku je asibiti ku tsaya a kan gadonsa, kowa ya faɗa da bakinsa cewa ba ɓarawo ba ne. Ko yana ji ko ba ya ji."

*

Mota ɗaya ta kwashe su zuwa ofishin 'yan sanda, shi a kwance yana nishi, ita a zaune da hannu a cinya. Ba a jima ba 'yarta ta iso da goyo, ɗankwali a hannu, ta faɗi a gaban kantar 'yan sanda tana kuka.

"Inna, uban 'ya'yana ne fa!"

"Yayanki kuma a bola na tsinto shi? Tashi ki je ki kwaso yaran da kayanki ki kai gidana. In an fito da katin mutane daga silin, kar a same ki a ƙarƙashinsa."

Babban ɗan sandan dattijo ne mai furfura. Ya dube ta ya girgiza kai.

"Mama, kin yi aikin da ya kamata mu yi, ban musa ba. Amma kin ɗauki doka a hannunki, yatsu uku kika karya. In kika ce kin yi nadama, zan rubuta haka, abin zai zo miki da sauƙi. Kin yi nadama?"



"Na yi," in ji ta.

Ya ɗauki biro.

"Rubuta da kyau. Hannun dama na nufa, na hagu ya ɗora a teburin."